Layin Lambobi da Koyar da Ɗebewa a Ƙananan Azuzuwan Firamare: Tarke Daga Makarantun Wudil

1.0 Gabatarwa

 Maƙasudin wannan takarda shi ne tarken wata hanya ta koyar da lissafi wadda ta zama ruwan dare a littattafan ƙananan azuzuwan firamare, watau koyar da ɗebewa ta amfani da layin lambobi. Abin da muke nufi da layin lambobi shi ne miƙaƙƙen layi da ake ja a kan allo, a tsattsaga shi daidai wa daida, a rubuta sifiri a farkonsa, sa'an nan 1, 2, 3, har zuwa inda ake bukata. In an ce wa yaro ya ɗebe 3 daga 8, sai ya ɗora yatsa a kan 8, ya yi tsalle uku da baya, ya sauka a kan 5.

Mun ɗauki wannan batu ne saboda abin da muka yi ta gani a lokacin da muke zagayen duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji a makarantun garin Wudil da na ƙauyukan da ke kewaye da shi. Wudil kuwa ba baƙuwar harkar malanta ba ce. A da, Kwalejin Horar da Malamai ta Wudil ta daɗe tana yaye malaman firamare a ƙasar Kano, kuma tun 2001 garin yake da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Amma duk wanda zai shiga ƙofar wannan jami'a, sai ya fara wucewa ta aji ɗaya da aji biyu, inda ake koya masa ɗebe 3 daga 8. Yaron da lissafi ya gagare shi a nan, da wuya ya sake shiri da shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, layin lambobi kayan aiki ne mai kyau, amma muna sa shi aiki a inda ya fi rauni, muna barin inda ya fi ƙarfi. Inda ya fi ƙarfin kuwa, ɗan Bahaushe ya riga ya zo makaranta da shi a bakinsa, cikin kalmar nan ta "saura".

2.0 Yadda layin ya iso ajinmu

Kafin mu yanke wa wannan hanya hukunci, ya kamata mu san don me aka ƙirƙiro ta. Wani masanin lissafi na Ingila mai suna John Wallis ya bayyana lambobi a matsayin wurare a kan layi cikin littafinsa na aljabara wanda aka buga a 1685. Misalin da ya kawo shi ne na mutumin da ya yi gaba yadi biyar sa'an nan ya yi baya yadi takwas, sai ga shi yadi uku a bayan inda ya tashi. Ashe ke nan tun farko an kawo layin ne don a fahimtar da manya ma'anar lambar da ta gaza sifiri, ba a yi shi musamman domin yaro ɗan shekara shida ba.

Layin ya samu karɓuwa sosai a firamare a zamanin da ake kira na sabon lissafi, wanda ya bunƙasa a Amurka bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1957. Wannan guguwa ta iso Afirka ta hanyar tarurrukan rubuta littattafai da aka soma a Entebbe ta ƙasar Yuganda a 1962, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka gwada littattafan. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, makarantu suka cika maƙil, aka ɗebi malamai da yawa da horo na gaggawa. A watan Janairu na 1977 kuma, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya ba da sanarwar soke sabon lissafi. Aka watsar da abubuwa da yawa na wancan tsari, amma layin lambobi ya tsira, ya ci gaba da fitowa a littattafai har yau. Sai dai ya tsira ne kamar tsohuwar rijiya wadda aka manta dalilin haƙa ta: hoton yana nan, bayanin da ya kamata ya raka shi ya ɓace.

A wasu ƙasashe an sake duba al'amarin. A Holan, cikin shekarun 1990, masanan Cibiyar Freudenthal da abokan aikinsu sun yaɗa abin da suka kira layi marar lambobi, inda yaro da kansa yake rubuta wuraren da ya tsaya. Ingila ta ɗauki wannan dabara cikin shirinta na gyaran koyar da lissafi na 1999. Za mu dawo kanta a nan gaba.

3.0 Darasin kamar yadda muka same shi

Bari mu bayyana wani darasi da muka zauna a kansa a aji biyu na wata makaranta a Wudil. Ba za mu ambaci sunan makarantar ko na malamar ba, domin abin da ta yi shi ne abin da littafi ya nuna mata, kuma shi ne abin da mu muka koya mata a kwaleji.

Malama ta ja layi da alli ba tare da rula ba, ta fara da 1 ta ƙare da 10. Da ta ga allo zai ƙare, sai ta matse lambobin ƙarshe, har tazarar da ke tsakanin 9 da 10 ta zama rabin wadda ke tsakanin 1 da 2. Ta rubuta 8 − 3, ta karanta shi da Turanci, yara suka amsa da ƙarfi baki ɗaya. Ta zana baka uku daga 8 zuwa 5, ta ce su maimaita amsar sau uku, suka maimaita. Daga nan ta ba da aiki guda biyar.

Da muka zaga cikin aji, sai muka tarar yara da yawa sun rubuta 6 a amsar 8 − 3, alhali yanzun nan suka gama rera 5. Muka tambayi wani yaro yadda ya yi, ya ɗora yatsa a kan 8 ya ce "ɗaya", a kan 7 ya ce "biyu", a kan 6 ya ce "uku", ya tsaya. Wata yarinya kuwa ta rubuta 11, domin da aka ce ta koma baya, hannun dama ta nufa. Wasu kuma sun samu amsa daidai, amma da muka lura sai muka ga da yatsunsu suka yi lissafin a ƙarƙashin benci, sa'an nan suka zana bakan don malama ta gani.

Da aka tashi tara, muka kira yaron nan mai amsar 6. Muka ce masa, "Kana da goro takwas, ka ba Baba uku, nawa suka rage?" Bai ko yi jinkiri ba ya ce, "Biyar mana." Ashe yaron ya iya ɗebewa. Layin ne ya ɓatar da shi.

4.0 Aibobin hanyar

4.1 Ƙirga wurin tsayawa maimakon taku

Kuskuren yaron nan ba na wauta ba ne. Tun da ya fara ƙirga, abubuwa yake ƙirgawa: tsakuwa, awaki, yatsu, kuma kowane abu da ya taɓa sai ya ba shi lamba. Layin lambobi yana neman wani abu dabam daga gare shi, watau ya ƙirga tazarar da ke tsakanin lambobi, abin da ba ya taɓuwa da yatsa. Wannan ilmin awo ne, kuma a yawancin littattafan da muka duba ana kawo layin kafin yaro ya taɓa auna wani abu da taƙi ko da taku. Duk manomin da ya kafa dirkoki goma a jere don yin danga ya san tsakani tara ne gare su, amma ɗan shekara bakwai bai riga ya lura da haka ba.

Fara layi da 1 yana ƙara dagula al'amarin. In babu sifiri, lambar 5 ba ta nufin taku biyar daga mafari, sai dai gida na biyar. In kuma tsagar ba ta yi daidai ba, to, abin da ke kan allo ya daina zama ma'auni, ya koma jerin lambobi kawai da aka ja wa layi a ƙarƙashi.

Abin mamaki shi ne Hausa tana da maganin wannan matsala a shirye. Bahaushe da kwana yake ƙirga lokaci. Kasuwar Wudil ranar Juma'a take ci, kuma in ka tambayi yaro ranar Talata saura kwana nawa kasuwa, zai ce uku, ba zai sa Talatar da yake ciki a lissafi ba. Jaririn da aka haifa ranar Lahadi, ranar Lahadi mai zuwa ake suna, an kwana bakwai ke nan, ko da yake ranakun da aka taɓa takwas ne. Rana ita ce wurin tsayawa, kwana shi ne taku. Malamin da ya ce wa yara, "Muna kan 8, mu kwana uku da baya," ya ba su abin da dogon bayani ba zai ba su ba. Ba mu taɓa ganin littafin firamare da ya yi amfani da wannan ba.

4.2 Ma'ana ɗaya daga cikin uku

Alamar ɗebewa tana ɗauke da tambayoyi iri uku. Ta farko ita ce ragewa: mutum yana da awaki takwas, ya sayar da uku, nawa suka rage? Ta biyu kwatantawa: wa yana da ƙwai takwas, ƙane yana da biyar, da nawa wan ya fi shi? Ta uku cikawa: ina da biyar, ina son takwas, saura nawa? Binciken da Carpenter da Moser suka wallafa a Amurka a 1984 ya nuna cewa ƙananan yara suna bambanta waɗannan tambayoyi, kuma kowacce suna da dabarar da suke tunkararta da ita tun kafin a koya musu.

Littattafanmu sun ɗaure layin lambobi ga ma'ana ta farko kaɗai, kuma a nan ne ya fi rauni. In ragewa ake son nunawa, tsakuwa takwas sun fi layi, domin yaro yana ganin ukun da aka kawar da biyar ɗin da suka rage. A kan layi babu abin da aka kawar, yatsa ne kawai ya matsa. Amma a ma'ana ta biyu da ta uku, layi ya fi tsakuwa nesa ba kusa ba, gama shi yana nuna tazara ƙuru-ƙuru.

Mu ɗauki 13 − 9. Yaron da aka koya wa tsalle da baya kaɗai zai yi tsalle tara, yana ƙirga lambobi da baya a lokacin da yake ƙirga tsallen da gaba, ayyuka biyu a kai ɗaya, kuma da wuya ya kai ƙarshe bai ɓace ba. Yaron da ya san tazara zai ce, daga 9 zuwa 10 ɗaya, daga 10 zuwa 13 uku, huɗu ke nan. In aka kai ga 52 − 48, hanyar farko ta mutu gaba ɗaya, domin babu mai yin tsalle 48. Sai malami ya ajiye layin ya koma ga jera lambobi da yin aro, yaron da bai gane aron ba ya ɗebe 2 daga 8 ya samu 6, ya ɗebe 4 daga 5 ya samu 1, ya rubuta 16. Wannan kuskure sananne ne a duniya, Brown da Burton sun bayyana irinsa tun 1978. Da yaron yana da hoton layi a zuciyarsa, da ya ga 48 da 52 maƙwabta ne, ya san 16 ba za ta yiwu ba.

4.3 Watsi da abin da yaro ya zo da shi

Dabarar nan ta cikawa ita ce lissafin kasuwa. Yarinya mai talla a bakin gadar Wudil, in an saye kayan naira 350 aka ba ta 500, ba ta yin aro. Za ta miƙa hamsin ta ce "ɗari huɗu", ta miƙa ɗari ta ce "ɗari biyar". Tafiya ce ta yi a kan layin da ke cikin kanta, daga ƙaramar lamba zuwa babba, tana yada zango a kan cikakkiyar lamba. Wani bincike da Carraher da abokan aikinsa suka wallafa a 1985 kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Barazil ya gano cewa lissafin da suke warwarewa daidai a wurin ciniki, shi ne yake gagararsu in an rubuta musu shi a takarda irin na makaranta. Duk malamin da ya koyar a garin kasuwa zai gane waɗannan yara.

Daɗin daɗawa, ƙidayar Hausa kanta tana tafiya a kan wannan tunani. Muna cewa "ashirin ba ɗaya" muna nufin 19, "talatin ba biyu" muna nufin 28, tsofaffi kuma kan ce "dubu gaira hamsin" su nufi 950. Muna cewa "ƙarfe huɗu saura kwata". Almajirin da ya kai izu ashirin ya san saura arba'in ya sauke, domin izu sittin ne. A duk waɗannan, mai magana yana hango wata cikakkiyar lamba a gabansa yana auna nisan da ke tsakaninsa da ita. Wannan shi ne ainihin aikin layin lambobi. Abin takaici ne a ce yaron da ya tashi da "ashirin ba ɗaya" a bakinsa ya zauna yana tsalle goma sha tara da baya don ya warware 20 − 19.

Batun harshen koyarwa ya sha juye-juye. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin da yaro yake. Gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna ana iya koyar da lissafi da Yarbanci a samu kyakkyawan sakamako. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a dukan shekarun firamare, a ƙarshen 2025 kuma aka ba da sanarwar janye wannan mataki. Ba wannan muhawara ce ta kawo mu ba. Abin da muke cewa shi ne, kowane harshe doka ta zaɓa, ɗan aji biyu a Wudil da Hausa yake tunanin lamba, kuma malamin da ya ƙi taɓa wannan tunani ya bar jaki yana dukan taiki.

4.4 Ina ne baya?

Yarinyar nan da ta rubuta 11 ma tana da hujja. Yawancin yaranmu sun fara karatu a makarantar allo, inda rubutu yake tashi daga dama ya nufi hagu. A wurinta gaba hagu ne, baya kuma dama. Binciken da Dehaene da abokan aikinsa suka yi a Faransa a 1993 ya nuna cewa yadda mutum yake danganta ƙananan lambobi da hagu, manya da dama, yana da alaƙa da alkiblar rubutun da ya saba da shi, domin mutanen Iran da aka gwada ba su nuna wannan ɗabi'a kamar Faransawa ba. Saboda haka alkiblar layi al'ada ce da ake koya, kuma littafin da aka tsara wa yaron da bai san rubutu sai na boko ba, bai ga bukatar koyar da ita ba.

5.0 Abin da za a faɗa don kare layin

Wani zai ce, tun da aibobin sun kai haka, me zai hana a cire layin daga aji ɗaya zuwa uku a huta? Ba mu goyi bayan wannan ba, saboda dalilai uku.

Na farko, tsakuwa da yatsu suna ƙarewa. Ba a ɗebe 48 daga 52 da tsakuwa a ajin da ya cika maƙil, ba a kuma nuna rabi ko lambar da ta gaza sifiri da su. Layin kuwa yana raka yaro daga firamare har jami'a, gama rula, da ma'aunin zafi, da jadawalin aljabara duk 'ya'yansa ne. Na biyu, akwai shaidar cewa sanin wurin lamba a kan layi yana ƙarfafa lissafi. Siegler da Ramani sun nuna a 2008 cewa 'ya'yan talakawa a Amurka da suka yi wasa na ɗan lokaci a kan allo mai gidaje goma a jere sun ƙaru wajen sanin girman lambobi, fiye da waɗanda suka yi wasa iri ɗaya a kan allo mai launuka kawai. Na uku, layin yana hana mu yi wa yaro ƙarya. Sau da yawa muna jin malami yana cewa "ba a ɗebe babba daga ƙarami", sa'an nan malamin ƙaramar sakandare ya zo ya sha wahalar rushe wannan magana. Yaron da ya ga layi ya san akwai wuri a bayan sifiri, kamar yadda ya san mai naira biyar yana iya cin bashin takwas.

Wani kuma zai ce malamin da ke fama da yara masu yawa, babu kayan aiki, ba shi da sararin waɗannan dabaru. Wannan magana tana da nauyi, kuma mun ga halin da ake ciki da idanunmu. Amma gyaran da za mu kawo ba ya bukatar kuɗi, kuma lokacin da yake ci bai kai wanda ake ɓatawa wajen sake koyar da aro a aji huɗu da aji biyar ba.

6.0 Gyaran da muke ba da shawara

Na ɗaya, a jinkirta layin da ke kan allo. A aji ɗaya a koyar da ragewa da 'ya'yan tsamiya, da murafun kwalba, da karare, yara su riƙa auna tsawon aji da taku, tsawon benci da taƙi.

Na biyu, a sa gada tsakanin ƙirga abubuwa da ƙirga tazara. Igiya mai duwatsu ashirin, biyar-biyar da launi dabam, ta isa. Yaranmu sun san carbi, sun san yadda ake jan ƙwaya ana ajiye shaida. In an maƙala tsinke bayan ƙwaya ta takwas, yaro yana ganin 8 a matsayin ƙwayoyi takwas, yana kuma ganinta a matsayin wuri. Daga irin wannan igiya ce ma mutanen Holan suke kai yara ga layinsu.

Na uku, layin farko a ja shi a ƙasa a filin makaranta, yaro ya hau shi da ƙafarsa kamar yadda 'yan mata suke yin 'yar gala-gala. Ya tsaya a kan 8, kada a ce "ɗaya" sai ƙafarsa ta sauka. A nan gaba da baya ba su da ruɗani, domin jikinsa ya san su. In an koma aji, a fara da layi a tsaye kamar tsani, ƙasa ita ce sifiri, hawa ƙari, sauka ragi, kafin a kwantar da shi.

Na huɗu, kowane darasin ɗebewa ya ƙunshi tambayoyin nan uku, "nawa suka rage?", "da nawa ya fi?", da "saura nawa?", kuma a bar yaro ya zaɓi hanyar da ta fi kusa. A 12 − 2 komawa baya ta fi sauƙi, a 12 − 9 cikawa ta fi. Sanin wannan bambanci shi ne fahimta.

Na biyar, daga aji biyu zuwa uku a koma ga layi marar lambobi. Don warware 52 − 48, yaro ya ja layi, ya sa 48 a wani wuri, ya yi tsalle zuwa 50 ya rubuta 2, ya yi tsalle zuwa 52 ya rubuta 2, ya tara. Wannan layi ba ya bukatar rula, ba ya ƙarewa da ƙarewar allo, kuma malami yana ganin tunanin yaro a rubuce. Tamkar direban da ya taso daga Kano ne ya iso Gano yana lissafin abin da ya rage ya shiga Wudil.

Na shida, kuma wannan namu ne mu malaman kwalejoji. Ɗalibin da muka yaye bai taɓa jin an tambaye shi dalilin da ya sa yaro yake samun 6 a 8 − 3 ba, to, ba mu shirya shi ba. Ya kamata nazarin kurakuran yara ya shiga darasin dabarun koyarwa, kuma a lokacin koyarwar gwaji mu riƙa duba littattafan yara kamar yadda muke duba tsarin darasin malami.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi asalin layin lambobi, mun nuna yadda ake koyar da shi a wasu makarantun Wudil, mun kawo aibobi huɗu, watau ƙirga wurin tsayawa maimakon taku, taƙaita ɗebewa ga ragewa, watsi da lissafin da yaro ya zo da shi daga gida da kasuwa, da rashin kula da alkibla. Mun kuma nuna cewa duk da haka bai kamata a jefar da layin ba. Ba mu yi ƙididdiga ba, abin da muka gani a aji muka kawo, don haka muna kira ga 'yan'uwa da ke sassan lissafi da na Hausa su haɗa hannu su gwada waɗannan shawarwari a makarantu da yawa, a auna sakamakon. Gwajin farko kuwa ba ya bukatar izinin kowa: duk wanda ya koma makarantarsa ya rubuta wa 'yan aji uku 20 − 19, ya zauna ya ga yara nawa ne za su fara tsalle da baya, nawa ne kuma za su tuna cewa sunan 19 a gidansu "ashirin ba ɗaya".